Arlit: an ba mahaƙi hular kwano, an bar ɗiyarsa cikin duhu

Duk wanda ya yi aiki a mahaƙar Arlit ko ta Akuta a shekarun baya-bayan nan ya san ba a sakin sabon ma'aikaci cikin rami ranar da ya zo. Sai an zaunar da shi an lissafa masa haɗurran wurin ɗaya bayan ɗaya, an ba shi hular kwano da takalma masu ƙwari da abin rufe hanci, sannan a maƙala masa ɗan ma'aunin nan mai ƙidaya yawan tururin uraniyom da jikinsa ya sha. Ba a taɓa jin wani malami ko ɗan siyasa ko shugaban sandika ya miƙe ya ce ba wa mahaƙi hular kwano kiran dutse ne ya faɗo masa a ka ba. Kowa ya yarda cewa mai shiga wurin haɗari yana da haƙƙin a gaya masa abin da ke jiran sa. Amma ɗan wannan mahaƙi da ɗiyarsa, waɗanda ke fita kowace safiya cikin garin da haɗarinsa bai gaza na ramin ba, an yanke musu hukuncin su tafi kai ba hula, wai don kada sani ya lalata su.

Wannan hukunci yana da shekararsa. A 2014 ne ofishin ministan makarantun sakandare ya shigo da wani darasi a kan balaga da lafiyar haihuwa don matasa. Ƙungiyoyin addinin Musulunci suka tashi suka ce abin ya saɓa wa addini da al'ada, gwamnati kuwa ta naɗe darasin ta mayar da shi cikin akwati. Ba shi ne karon farko da hukuma a Yamai ta ja da baya haka ba. Daftarin dokar iyali ya mutu a 1994, majalisar dokoki ta ƙi yarjejeniyar Maputo a kan haƙƙin mata a 2006, wani sabon daftarin dokar iyali ya bi sawun na farko a 2011, dokar kare ɗiya mace ƴar makaranta ta maƙale a majalisa a 2012, sai a watan Disamba na 2017 aka lallaɓo da ita ta hanyar ƙudurin gwamnati. Farar hula da soja, wannan jam'iyya da waccan, duk rawarsu ɗaya ce: a karɓi kuɗin masu ba da tallafi, a rubuta takarda da Faransanci ba tare da an shawarci kowa ba, in an yi ihu a janye, kowa ya koma gidansa yana cewa ya yi nasara. Wanda ya faɗi a wannan kokawa ba minista ba ne, ba kuma shugaban ƙungiya ba. Yarinya ce ƴar shekara 13 da ta ga jini a jikinta karo na farko tana cikin aji, ba ta san ko ciwo ba ne ko laifi.

Abin da ya fi isa ga ɗalibin CEG ko lise shi ne ƴan shafuka a darasin SVT da na EFS. Mushe mai kunya, wanda galibi ɗan kwantiragi ne da ba a taɓa koya masa yadda ake wannan magana ba, ko dai ya tsallake su, ko ya karanta su da gudu cikin Faransancin da rabin ajin ba su gane ba. Yaro zai iya zana mahaifa a takardar jarrabawa ya ci maki, alhali bai san cewa ciwon sanyin da aka bari ba magani yana toshe hanyar haihuwa ba.

In akwai garin da bai kamata ya yarda da wannan shiru ba, to Arlit ne. Ba gari ne na kaka da kakanni ba. A ƙarshen shekarun 1960 aka kafa shi a tsakiyar hamada saboda ƙarfen da ke ƙarƙashinsa: Somaïr ta fara fitar da uraniyom a 1971, Cominak ta biyo baya a Akuta a 1978, garin Akokan ya tashi kusa da ita. Daga Damagaram, Maraɗi, Tawa, Doso da ƙasashen maƙwabta mutane suka kwararo, mafi yawansu maza, da yawa sun baro iyali a gida. Hanyar uraniyom mai zuwa Tawa ta kawo direbobin manyan motoci, albashin kamfani ya kawo ƴan kasuwa, bukkoki suka kewaye gidajen ma'aikata, har aka riƙa yi wa garin kirari da Paris ta biyu. A ƙauye yarinya tana da gwaggo da inna da kaka, waɗanda tun dā su ne ke jan ta ɗaki su gaya mata abin da uwa ba ta iya faɗa saboda kunya. A Arlit gwaggon tana nisan kilomita ɗari-ɗari. Masu cewa a bar wa gida wannan tarbiyya suna magana ne a kan gidan da hamada ta raba da danginsa shekara 50 da suka wuce.

Sannan arzikin ya ja baya, ya bar mutane a fili. Ranar 31 ga Maris 2021 Cominak ta rufe, ma'aikatanta kimanin 600 da ɗaruruwan ƴan kwangilar da ke cin abinci a gindinta suka rasa aiki. Mahaƙar Azelik ta wajen Ingal, wadda ƴan Sin suka buɗe, ta tsaya bayan ƴan shekaru kaɗan da soma aiki. Imuraren, da aka daɗe ana yi wa matasa alkawarin dubban ayyuka a cikinta, Areva ta dakatar da ita tun 2014. A wannan shekarar ce kuma zinariya ta ɓulla a Jado da Cibarakatan, samari suka bar aji suka bi motoci, wasu suka dawo da kuɗin da ubanninsu ba su taɓa riƙewa ba, wasu suka dawo da tari da tramol. A gefe guda ga ayarin masu nufin Aljeriya, ga waɗanda Aljeriyar ke korowa tana zubarwa kusa da Asamaka. Ba a manta da watan Oktoba na 2013 ba, lokacin da aka tsinci gawawwaki 92, akasarinsu mata da yara, waɗanda suka tashi daga Arlit ƙishirwa ta kashe su kafin su kai iyaka. Garin da talauci da kuɗin gaggawa ke kwana unguwa ɗaya, garin da baƙo ya fi ɗan gida yawa a tasha, shi ne ake cewa ɗiyarsa ba ta bukatar a koya mata yadda za ta ce a'a ga mai mota.

Akwai kuma wani darasi da Arlit ta biya da tsada. Tsofaffin ma'aikata sun sha ba da labarin shekarun farko, lokacin da suke aiki cikin ƙura ba wanda ya yi musu bayanin abin da suke shaƙa. Tarkacen ƙarafan mahaƙa sun shiga kasuwa, an yi kayan gida da su, an yi gini. Sai da ƙungiyar Aghir in'Man ta Almustafa Alhasan ta ɗaga murya, masu binciken CRIIRAD suka zo daga Faransa a 2003, Greenpeace ta auna titunan Akokan a 2009, kafin magana ta fito fili cewa akwai guba a wuraren da yara ke wasa. Tururin uraniyom ba shi da launi, ba shi da wari, kuma rashin ambatonsa bai taɓa rage masa ƙarfi ba. Mutanen Arlit sun yi fushi, kuma da gaskiyarsu, cewa an ɓoye musu abin da ya shafi jikinsu. To, da wane baki iyayen da suka yi wannan fushi za su ɓoye wa ƴaƴansu ƙwayar sida, wadda ita ma ba ta da launi ba ta da wari?

A 1987 aka fara tabbatar da sida a Nijar. Binciken ƙasa na 2006 ya nuna mutum 7 cikin 1000 na manya suna ɗauke da ita, jahar Agadas kuwa tana cikin jahohin da abin ya fi tsanani. Zuwa 2012 adadin ya sauko zuwa 4 cikin 1000. Wasu na ɗaukar wannan sauƙi hujjar cewa babu bukatar darasi, alhali kuwa shekarun da aka samu sauƙin su ne shekarun da aka fi yin magana: a rediyo, a tashoshin mota, a barikin soja, har a bakin malaman da suka yarda suka shiga faɗakarwa. Yaran da ke aji yanzu ba a haife su ba lokacin wancan gangami. Kuma sida ba ita kaɗai ba ce. Binciken 2012 ɗin dai ya nuna mata 76 cikin 100 an aurar da su kafin shekara 18, 28 cikin 100 kafin 15, kuma 40 cikin 100 na ƴan shekara 15 zuwa 19 sun riga sun haihu ko suna da ciki. Gaskiya ne jahar Agadas ta fi Maraɗi da Damagaram sauƙi a wannan fanni. Amma ƙugun yarinyar da bai gama girma ba bai san iyakar jaha ba, doguwar naƙuda da yoyon fitsari kuwa ba su tambayar ko ɗaurin aure aka yi ko ba a yi ba. Wannan darasi, wanda ake zargi da koyar da fasiƙanci, mafi yawan masu bukatarsa a Nijar ƴan mata ne da za su shiga ɗakin miji ba da jimawa ba.

Hujjar da ta fi nauyi a bakin masu adawa ita ce ta addini, saboda haka ita ya kamata a duba da idon basira. Kowane almajirin da ya zauna gaban malami a zaure ya san abin da ke cikin Ahalari da Ishmawi da Iziyya da Risala. Tun a babukan farko ake bayanin janaba da abin da ke wajabta wanka, da bambancin ruwayen da ke fita daga jikin namiji da mace, da kwanakin haila da na biƙi, da alamomin balaga, kowane da sunansa, ba kwana ba kewaye. Ɗaruruwan shekaru ke nan ana karantar da waɗannan littattafai daga Agadas zuwa Katsina, ana fassara su da Hausa da Tamashek ga yara ƴan shekara 12, ba wanda ya ce sun lalata al'umma. Malamai da kansu suna ba da labarin yadda Nana A'isha ta yaba wa matan Madina saboda kunya ba ta hana su tambayar abin da ya shafi addininsu ba. Ashe ke nan ba ambaton jiki ne haram ba. Malamin da ya koya wa yarinya hukuncin haila, amma ya hana a gaya mata cewa daga ranar nan tana iya ɗaukar ciki, ya ba ta rabin fitila. Wanda ya koya wa saurayi haramcin zina, amma ya hana a gaya masa cewa zai iya kwaso ciwo ya kai wa amaryarsa ta halal, ya bar ƙofar baya a buɗe.

Wannan ba ya nufin masu adawa ba su da abin kamawa. Suna da shi, kuma masu kawo tallafi ne suka miƙa musu. Littafin da aka tsara a ofis mai sanyi, aka cika shi da zane da kalmomin da ko a Faransa sai an yi gardama a kansu, aka aiko shi Arlit ba tare da an zauna da iyaye ko limamai ba, dole ya gamu da turjiya. Uba yana da haƙƙin sanin abin da ake gaya wa ɗiyarsa, kuma tsoron da yake yi na mushe namiji ya tsaya gaban ƴan mata yana wannan magana ba tsoron banza ba ne. Sai dai duk waɗannan ƙorafe-ƙorafe a kan yadda ake koyarwa suke, maganinsu kuma gyara ne. Wanda ya ce tuwon ya yi gishiri, aikinsa ya nuna yadda za a tuƙa wani, ba ya kife tukunya ya bar yara da yunwa ba. Fiye da shekara 10 ke nan da janye darasin. Ƙungiyoyin da suka iya cika fili da jama'a cikin kwana biyu, da sun so, da sun iya zaunar da malamai goma da likitoci goma su rubuta nasu littafin, su kai wa gwamnati su ce ga wanda suka yarda da shi.

Kuma an riga an ga cewa abin yana yiwuwa a ƙasar nan. Makarantar mazaje da aka soma a jahar Damagaram wajen 2008 tana tara magidanta suna tattauna awon ciki da tazarar haihuwa, da yardar sarakuna da malamai. Shirin Illimin, tun 2013, yana koya wa ƴan matan da ba su zuwa makaranta sanin jikinsu, da tsafta, da lissafin kuɗi, da yadda ake magana gaban manya. Ilimin da aka yarda a ba magidanci a gindin itace, aka yarda a ba yarinyar da ba ta shiga aji ba, shi ne aka haramta wa wadda ke cikin aji. Har gwamnati ta amince a 2019 cewa ɗalibar da ta yi ciki ko aka yi mata aure tana iya ci gaba da karatu, abin a yaba, amma dai ƙasa ce da ta shirya karɓar yarinya bayan ta faɗa rijiya, ta ƙi nuna mata bakin rijiyar.

Masu tunanin cewa in makaranta ta yi shiru yaro zai zauna ba sani, su leƙa fada bayan sallar isha'i. Ana dafa shayi, waya tana yawo daga hannu zuwa hannu, abin da ke cikinta kuwa ya wuce duk wani zane da aka taɓa bugawa a littafin gwamnati. Malaman yaran a yau su ne wayar, da abokin da ya dawo daga wurin zinariya, da mai tallan magani a faranti wanda ke sayar da ƙwayar ƙarin ƙarfi da ta zubar da ciki ba takardar likita. A wurinsu yaro ke jin cewa daren farko ba ya kawo ciki, cewa mai ƙiba ba ya ɗauke da sida, cewa kafso biyu sun isa kashe ciwon sanyi. Darasin dai ana yin sa kowane dare, sai dai an zaɓi mafi jahilcin malamai an damƙa musu shi.

Akwai wata maganar da ba a son yi, ita ce kuwa ta fi shafar masu karanta jarida. Ɗalibar da ta yi cikin shege a garin ma'adinai, sau da yawa ba ɗan ajinsu ne ya yi mata ba, don shi ko kuɗin kabu-kabu ba ya da shi. Mai albashi ne, ko mai kanti, ko mai kaki, ko mai ba da maki a ƙarshen wata uku. Mutum ne mai iyali, mai sahun gaba a masallaci, wanda in aka zo zancen darasin balaga shi ne zai fi kowa ɗaga murya a kan lalacewar tarbiyya. Laifi tudu ne, in ji Hausawa. Darasin da ke koya wa yarinya cewa kyautar waya bashi ce, cewa babu mushen da ke da ikon kiran ta gidansa da dare, cewa akwai inda za ta kai ƙara kuma a saurare ta, ba tarbiyya yake yi wa barazana ba, irin waɗannan mutane yake tona wa asiri. Ba duk mai adawa ne ke da wannan manufa ba, akasarinsu tsoron Allah ne da son ƴaƴansu ke motsa su. Amma ya kamata su waiwaya su ga su wane ne ke fakewa a bayansu.

Abin da ake bukata bai kai gina masana'anta wuya ba. A zaunar da limaman Arlit da Akokan da Cirozerin, da ungozomomi da likitoci, da ƙungiyar iyayen ɗalibai, da sarakunan gargajiya, su tsara darasi daidai da shekarun yara, su fara daga inda Ahalari ya tsaya su kai inda likita ya sani. A raba aji a wannan sa'a, mace ta koyar da mata, namiji ya koyar da maza, da Hausa da Tamashek, a ba kowane uba damar karanta littafin kafin a buɗe shi. A haɗa da abin da yaron Arlit ke karo da shi a zahiri: tramol, bashi, dillalan hanyar Aljeriya, ƙurar mahaƙa, da yadda ake riƙe jikka goma ta kai ƙarshen mako. A sa kamun kai a gaba, kamar yadda addini ya sa, amma kada a yi wa yaro ƙarya a kan yadda ciwo ke yaɗuwa da yadda ake kauce masa.

Tun bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 kalmar da ta fi yawo a bakin mahukunta ita ce ƴancin kai. An karɓe lasisin Imuraren daga hannun Orano a watan Yuni na 2024, an mayar da Somaïr mallakar ƙasa a watan Yuni na 2025, an ce daga yanzu arzikin Arlit na ƴan Nijar ne. In haka ne, tsohuwar hujjar cewa darasin balaga kayan Turawa ne ta faɗi, domin ba mai hana Yamai ta rubuta nata da hannunta, da kuɗinta. Tun 2006 dokar ma'adinai ta ware wa ƙananan hukumomin jahar da ake haƙa a cikinta kashi 15 cikin 100 na kuɗin da ƙasa ke samu daga haƙar. Horar da malamai mata ƴan ƙalilan ga kowace CEG ta Arlit da Akokan, da buga littafi mai shafi hamsin da harsuna biyu, ba zai ci ko ƙwaryar wannan kaso ba. Hukumomin garin da na jaha su fito su faɗa wa iyaye nawa ya shigo, nawa kuma aka kashe a kan yaran da aka haifa a bakin ramin.